Ɗaliban Malama Doina

Allo kyamarar ajin take kallo. Tun da Doina ta fara koyar da Italiyanci daga ɗan ɗakinta a Padova ta ƙasar Italiya, abin da take gani a kwamfutarta ke nan: allo, gefen murhun ƙarfe, da rabin taga. Shugabar makarantar, Malama Zinaida, ta ce doka ta hana a nuna fuskar yaro sai da izinin iyaye, iyayen kuwa duk suna ƙasar waje. Doina ba ta yi musu ba. Ita ma 'yar Moldova ce, ta san ƙauyukanmu na wajen Soroka irin wanda makarantar take, inda uwa ke Italiya, uba ke Jamus, kaka ke riƙon gida.

Makirufon ma ya ga jiya ya ga yau. Idan ajin ya maimaita abin da ta faɗa, muryoyin sukan iso mata a shaƙe, kamar daga cikin rijiya. Mai tambaya kuwa Zinaida yake raɗa wa, ita ta rubuto. Da sunaye kawai Doina ta san su: Matteo, Lorenzo, Noemi, da saura. Ta sha dariyar wannan. Mutanenmu da kwaikwayo! Su ci mamaliga, tuwon masararmu, su raɗa wa ɗa sunan 'yan birnin Milano na Italiya.

Yara ne masu natsuwar da ta wuce misali. Ba ƙiriniya, ba guje-guje, sai yawan neman izinin fita fitsari. Sunayen dabbobi da launuka ba su dame su ba. Su dai a faɗa musu yadda ake cewa ka ci abinci, ka sa rigar sanyi, yaushe za ku zo gida. Wannan yakan karya wa Doina zuciya, don ita ma tana ƙarama uwarta ta tafi.

Noemi ta fi shiga ranta. Ba ta da saurin ɗauka, amma ba ta sakin kalma sai ta ƙware a kanta, kuma da tarinta Doina ke gane tana cikin aji.

Bayan an gama tsinkar inabi, Lorenzo ya daina zuwa. Da ta tambaya, Zinaida ta ce ya rasu a cikin barcinsa, an binne shi ranar Asabar, sannan ta tambayi shafin da za su buɗe. Doina ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ta zaci za a rufe makaranta kwana biyu, amma washegari aji ya zauna, har ta jiyo wani yana 'yar dariya a baya.

Da ƙanƙara ta sauka, Matteo ya bi shi. Wai ciwon zuciya.

Daga nan Doina ta rasa sukuni. Tana cikin bas, tana layin burodi, sai ta riƙa jin ajin yana maimaita darasi a kunnenta, muryoyin suna raguwa. Ta duba jaridun gida kaf, babu wadda ta ambaci mutuwar yara biyu a makaranta ɗaya. Ta zargi ruwan rijiya. Ta zargi tsohon rumbun maganin feshi da gonar gwamnati ta bari a bakin gari. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda Zinaida ke faɗar mutuwar yaro ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

Tarin Noemi kuwa kullum ƙaruwa yake. Doina ta roƙi a kai ta asibitin Soroka, aka ce Noemi ta ƙi, ba ta son darasi ya wuce ta. Ta nemi lambar uwarta, aka yi ta mata hanya-hanya.

Wata safiya tarin ya sarƙe yarinyar har darasi ya tsaya. Doina ta ture littafinta.

"Anti Zinaida, ko ki juyo min kyamarar nan yanzu, ko in kira ma'aikatar lafiya da ta ilimi kafin azahar."

"Idan kika kira su rufe makarantar za su yi, 'yata. Daman dalili suke nema."

"Su rufe mana, ai gini ne. Yarinyar nan mutuwa za ta yi kuna zaune kuna kallo."

 Sai aka ja kujera, wani ya taho a hankali yana jan ƙafa. Doina ta ji Zinaida na cewa a bari, ta ji an amsa mata da cewa ya isa haka. Hoton ya girgiza, allon ya gota gefe, taga ta wuce.

A kan 'yan ƙananan kujerun, gwiwoyinsu na dungurar tebur, tsofaffi ne zaune cikin rigunan ulu, kowa da alƙalami a hannu. Wadda ta juyo kyamarar ta dafa bango har tarin ya sake ta, ta gyara ɗankwalinta a kan furfura.

"Yaro na ƙarshe ya bar garin nan tun bara, Malama, sunayen jikokinmu muka ara," in ji ta. "Jikata Noemi a Torino ta Italiya aka haife ta, ba ta jin yarenmu, in na kira ta shiru muke yi wa juna. Ki yi haƙuri ki kai mu bazara, in yi hira da ita ko sau ɗaya kafin nawa layin ya zo."