Rajistar Gonar Nana

Tun ƙarfe takwas na safe Murja ta tayar da babbar na'urar ofishin rajistar filaye a kan taƙaitaccen aiki. Zuciyar manhajar kaɗai ke gudana: ana iya karanta takarda a buga ta, amma ba a iya gyara ko da harafi ɗaya. Injiniyan da ya kafa ta a Daura ya koya mata haka don ranar lalura. Yau kuwa lafiyar na'urar ƙalau.

Bayan Azahar magatakardan kotun shari'a zai zo karɓar rajistar wata gona da ke garin Babban Mutum. Rajista ta ce gonar ta Nana ce, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu. Malam Hamma, maƙwabcin gonar, ya ce tasa ce. Yana zaune a benci a waje tun da hantsi, da sandarsa, cike da tabbacin an gama magana.

Da shugaban ofis, Alhaji Maharazu, aka gama ta. Ya shigo yana huci.

“Murja, buɗe min na'urar nan gaba ɗaya. Gyaran suna ne, minti biyu.”

“Ranka ya daɗe, ba zan buɗe ba.”

Ba ta ma yi masa ƙaryar lalacewa ba. Ita kaɗai ke da kalmar sirrin, shi kuwa ko madannin kunnawa bai sani ba, sai dai hatimi da tsawa.

“Ke fa ya kamata ki fi kowa son wannan gyaran! Kin san a bakin aikinki ne?”

Ta sani. Ta kuma san gonar, ta san tsamiyar da ke kan iyaka, ta san shekarar da aka matsar da dutsen da ke nuna iyakar. Ta gyara mayafinta ta zauna.

Magatakarda ya zo, aka buga takardar yadda take, ya sa hannu ya tafi. Kafin La'asar takardar sallamar Murja ta iso teburinta.

Ta ɗauki jakarta ta fita. Malam Hamma ya miƙe yana murmushi, yana jiran albishir. Murja ta durƙusa har ƙasa a gaban mahaifin nata.

“Gonar ta Nana ce, Baba. Tashi mu tafi gida.”