Wayar Mai Katifa

Akwai wani mai ɗinkin katifa da wuƙa ta ishe shi, kullum sai ta yayyaga masa soso. Sai ya zare waya daga cikin wata tsohuwar hita, ya ɗame ta a jikin katako kamar tsirkiyar baka, ya jona ta kai tsaye da wutar gida. In ta ɗau zafi, soso ya riƙa rabewa a gabanta kamar man shanu, ba ƙara, ba ta ko yin ja. Abin da ke tayar wa matarsa tsigar jiki ke nan, da zafinta da sanyinta kamanninta ɗaya. Ta taɓa ce masa ƙasa-ƙasa, "Maigida, da dai an sa mata makunni." Ya ce, "Ke da ko risho kike tsoro? In an ɗauke wuta ta mutu. In an kawo kuwa, ai yaran unguwa ba sa ɓoyewa." Haka ne kuwa, duk sa'ad da aka kawo wuta ihunsu ke fara shigowa gida.

Ran nan aka yi rasuwa a maƙwabta, aka kore yara daga layi, unguwa ta yi tsit kamar an share ta. Tun safe ba wuta. Uwar mijin ta biyo daga gidan makoki, tana zaune a tabarma, matar na gefe kanta a sunkuye. Can matar ta ga ƙuda ya sauka a kan wayar, ya faɗo ƙasa bai ƙara motsi ba. Wani siririn hayaƙi ya tashi. Ga mijin nan ya miƙa hannu zai ƙara ɗame ta. Bakinta ya buɗe, amma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa ɗaga murya a gaban surukarta ba. Kafin ta lalubo abin da za ta ce, ya damƙa. Wutar ta riƙe shi, sai da tsohuwar ta make katakon da muciya.

Ya rayu, amma yatsunsa huɗu da suka damƙi wayar ba su sake riƙe allura ba. Shi ya jira ihun yara, ita ta jira kunya ta sake ta. Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.