Sunan da Baƙi Suka Zaɓa

Tun da kamfanin yawon buɗe ido ya ɗauki hayar garin Tudun Gawo gaba ɗaya, kullum sai an yi bikin suna, domin yana cikin abubuwan da aka yi wa baƙi alkawarin gani. Jarirai kuwa sun yi ƙaranci, shi ya sa 'yar Hansatu, wadda har ta fara rarrafe, take shan aski kowace safiya. Baƙin ranar ne ke zaɓar suna.

Yau Hansatu ta tare Tanimu, jagoran baƙi, a zaure.

"Yaya Tanimu, a ɗaga mana na yau mana. Dubi kanta, duk ya yi ja."

"Haba ƙanwata, ga mutane a ƙofa! Ragon nan kullum ake kayar da shi a ɗauki hoto, kin taɓa jin ya yi ƙorafi?"

Aka rangaɗa guɗa, aka raɗa wa yarinya sunan kyanwar wata baƙuwa, kowa ya tafa.

Da suka watse, Hansatu ta shige ɗaki ta saki labule. Yarinyar 'yar fari ce, saboda kunya bakin Hansatu bai taɓa furta sunanta na gaskiya ba. Yau ta ajiye kunyar.

"Sa'adatu," ta ce a hankali. Ta sake kira da ƙarfi.

Yarinyar ta ci gaba da wasa da ludayi, ko waiwaye babu. Can waje wata motar baƙi ta tsaya. Nan take yarinyar ta saki ludayin, ta juya wajen ƙofa, ta gyara murmushinta.