Falwaya a Allon Talla

Allura ta sake sukar ta a kafaɗa, amma Falwaya ko motsi ba ta yi ba. Mai shagon ɗinkin ta tsani a motsa mata lokacin da take kama riga a jiki.

Tun tana firamare ake ce mata Falwaya saboda tsawo. A gida in za a cire yanar gizo-gizo a saman ɗaki, ita ake kira. Umma takan ce kyan gidan duk Yaya ta kwashe, ita aka bar mata ƙafafu. Yaya gajera ce, amma fuskarta ko ba hoda sai ka sake kallo.

Shi ya sa ranar da mai shagon ta tare ta a titi, ta ce irin jikinta take nema don tallan sababbin riguna, har da babban allo, da gudu ta koma gida. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce sai dai Yaya ta riƙa raka ta. Yaya ta yi tsaki, wai ba ta da lokacin rakiyar sanda. Amma daga zuwan farko ba ta ƙara ƙorafi ba.

Aikin ba wasa. Takalmi mai tsini ya saɓule mata dunduniya. Aka hana ta abincin dare don kada ƙugu ya wuce awo. In yunwa ta murɗe ta, sai ta rufe ido ta hango fuskarta can sama, mutanen gidansu a ƙasa sun saki baki.

Ranar ɗaukar hoto, mai yin kwalliya ta ce wa Falwaya fuskarta ba ta buƙatar komai. Daɗi ya cika ta. Yaya aka yi wa kwalliyar, wai don kada zama ya ishe ta. Mai hoto ma da Yaya yake gwada haske, yana cewa ta karkata kai kamar yadda ƙanwarta ta yi.

"Fuskata za ta fito sosai?" Falwaya ta tambaye shi a hankali.

"Ke dai miƙe wuya," in ji shi, idonsa na kan kyamara.

Da aka kafa allon a mahaɗar titi, ta jawo Umma da maƙwabtan da suka fi yi mata dariya. Yaya ta ce kanta na ciwo, su je kawai.

Tun daga nesa ta gane shuɗiyar rigar. Ta gane dogayen ƙafafun. Da suka matso har tabon dutsen guga ta gani a wuyan hannun hagu, nata na kanta.

Umma ta dafe ƙirji, idonta ya kawo ruwa. "Kai, 'yata ta yi kyau."

Falwaya ba ta taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ta ɗaga kai tana murmushi, ta bi dogon wuyan nan da ta sha wuyar miƙewa, sai ga fuskar Yaya a kansa.