Kwat ɗin da Ba a Ɗinke Ba

Su shida ne a ajin, amma Rabbi Brodt, tsohon malamin Yahudu da ke koyar da su, biyar yake gani.

Shekara biyu ke nan Misis Dolan tana zama a kujerar baya, a wata 'yar kwaleji a Ohio ta Amurka mai ba da difloma kan addinin Yahudu da tarihinsu. Ita ce babbar ajin, furfura ma ta fara yi mata sallama. In ta ɗaga hannu, sai tsohon ya dubi allo. In ta ba da amsa, sai ya ce wa bango, "Daidai ne."

"Wai me kika yi wa tsohon nan?" in ji Golda, mai zama gabanta. "Ko sunan nan naki na 'yan coci ne ke masa ɗaci? Dolan! Ke, dawo gaba mana, ba ma cizo."

Murmushi kawai ta yi. Tun da mijinta ya rasu, ba mai jiranta a gida sai rediyo. Ran Juma'a da yamma kowa ya watse cin abincin shiga Asabar, ranar hutun Yahudu, da danginsa, ita kuwa ta kunna kyandir biyu, ta ci burodinta ita kaɗai. Kaɗaicin na cinta ƙwarai. Kuma ba takardar shaida ce ta kawo ta ba. So take malamin nan ya dube ta ko sau ɗaya, ga shi bana zai yi ritaya.

Kowa ya san baƙin kwat ɗinsa, yagagge a ƙirji ta dama, zare na reto. Al'adar Yahudu ce, in an yi maka mutuwa ka yaga rigarka. Amma tasa yagar ta haura shekara ashirin. An ce 'ya ya rasa, ba kuma mai ƙarfin halin tambaya.

Ranar jarrabawar baka ita ce ta ƙarshen shiga ofishinsa. Ta ajiye masa shayi a kofin gilashi, ƙwayar sukari a gefe, ba a ciki ba. Ya dubi sukarin, ya kau da kai.

"Misis Dolan," ya ce wa tebur. "Hukuncin yaga riga."

"In iyaye ne, ta hagu, saitin zuciya, kuma ba a ɗinke ta sarai har abada. In ɗa ne ko 'ya, ta dama."

"Ɗinki fa?"

"Bayan kwana talatin ya halatta."

"Daidai ne. Kin ci. Tafi."

Ba ta tafi ba. Ta buɗe jaka ta fito da allura, da baƙin zare a zure.

"Ai kwana talatin ya wuce tuntuni," ta ce.

Tsohon ya shafa yagar da babban yatsa.

"Mai yi mini ɗinki ta mutu. A ƙasa na zauna makokinta, gari ya zo ya yi mini ta'aziyya."

Ta miƙa hannu, ta ƙi janyewa. Can sai ya ɗago kai ya dube ta, idanunsa jajur, yatsunsa na laluben maɓallin kwat ɗin.

"Na sani, Baba," ta ce. "Washegarin aurena da Dolan ɗan coci, ina cikin motarsa a tsallaken titi, ina kallon masu shiga yi maka ta'aziyyata. Ba ni in ɗinke."