Farar Mota da Jar Mota

Tunda ka ce motar abokin aikinka ta fi taka tsimin mai, kuma na ga abin ya tsaya maka a rai, gyara zama ka ji misalin wasu malaman makaranta biyu.

Tare suka taso a Talatar Mafara, tare suke koyarwa a Gusau, kuma rana guda suka sayi motoci na hannu, iri ɗaya, wurin dillali ɗaya, ɗaya fara ɗaya ja. Kowacce tana da ɗan allo a bayan sitiyari mai nuna kilomita nawa take ci da litar mai guda. Allon farar ya kafe a kan sha biyu. Na jar kuwa sha shida yake nunawa. Mai jar mota mutum ne mai raha, ba da wata manufa yake yi ba, amma duk Juma'ar da suka iso gida sai ya yafito abokinsa ya nuna masa allon, ya ce, "Malam, leƙo ka gani. Wannan ba shan mai take yi ba, lasa take yi." Mai farar mota sai ya yi dariyar yaƙe, ya koma cikin tasa ya zura wa sha biyun nan ido kamar zagi aka rubuta masa.

Abin ya shiga cin sa. Ya daina kunna na'urar sanyi ko da bazara, iyalinsa na zufa a baya yana cewa iskar Allah ta fi lafiya. Ya rage taka totur har masu babur suna wuce shi suna waiwaye. Ya canja fulogi, ya canja matatar iska, ya sa aka wanke masa tanki, allon bai motsa ba. Daga nan zuciya ta fara yi masa saƙa. Ta ce dillali ne ya zaɓar wa wancan mai kyau ya tura masa saura. Ta tono masa tun suna aji uku, ran da aka ba wancan shugabancin ɗalibai aka tsallake shi. Ya daina cin abincin rana tare da shi. Ran da ya ji jar mota ta yi faci a hanya, wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, sai daga baya ya tuna ya yi istigfari.

Da abin ya ƙi sakinsa, sai ya nemi su yi musaya. Abokin ya ƙi, ya ce kowa ya riƙe rabonsa. Mai farar mota ya tura masa kawunsa, ya tura limamin unguwa, har ya ɗora karsanar da yake kiwo a matsayin ciko. Kunya ta sa mai jar mota ya yarda, yana jin shi ne ya yi asara. Aka kira shaidu, aka canja takardu.

Makon farko malamin nan da ya karɓi jar mota bai iya rufe baki ba. Ko ina ya tsaya sai ya bar mota a kunne don a ga sha shida. Amma kafin wata ya cika ya lura allurar tanki tana faɗuwa da wuri, kuma ma'aikatan gidan mai sun fara sanin sunansa. Ya zargi famfonsu, ya canja gida uku, duk haka. Sai ya kai ƙara wurin wani tsohon bakanike. Tsohon bai ko buɗe inji ba. Ya ce allon nan ba ya leƙa cikin tanki, kintace yake yi daga abin da na'urorin inji da juyin taya suka gaya masa. In na'ura ta tsufa, ko an sa tayar da ba girmanta ba, sai ya yi ta yi wa mai mota daɗin baki. Ya ce su cika motocin biyu har wuya, su je Mafara su dawo tare, sannan su sake cikawa a famfo ɗaya.

Haka suka yi. Farar ta karɓi lita sha biyar, famfo ya tsaya. Jar ta wuce sha biyar, ta wuce sha shida, malamin yana tsaye yana kallon lambobi suna juyawa, sai da ta kai sha bakwai da ɗoriya. Allonta kuwa yana nan da sha shidansa, ko kunya babu. Abokin ya daɗe yana kallon farar motar da aka yi masa dole ya karɓa, sannan ya ce, "Ikon Allah." Malamin ya yi ƙasa da murya ya ce ko za a warware cinikin. Abokin ya ce, "Haba Malam, sau uku ina ƙi. Da wane baki zan koma wa liman?"

Har yau in Juma'a ta yi za ka ga jar mota a layin gidan mai, mai ita ya dafe sitiyari yana huci. Farar takan zo ta wuce, gilasai a rufe, yara suna shan sanyi a baya, a danna masa oda a ɗaga masa hannu.

Don haka kafin ka ƙulli ɗan'uwanka a kan lambar da kai ba ka auna ba, ka tuna abin da magabata suka ce: hassada ga mai rabo taki.