Ɗalibar da ta Riƙe Malam

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Malam ya buɗe darasin lokutan aikatau na Turanci kamar kullum. Ajin ya sauya masa. Wani ya kwashe kujeru ya shigo da gado, allon kuma ya ƙanƙance, an jingine shi da kabad. Yakan ji ƙusƙus ɗin yara a bayansa, in ya waiwaya sai labule. Duk sun ci jarrabawa sun wuce. Saura mutum ɗaya.

Mace ce mai furfura a goshi. Kullum da la'asar take shigowa da jaka cike da takardu, ta zauna a bakin gado. Bai taɓa gamuwa da ƙwaƙwalwa irin tata ba. Abin da ya wuce, da wanda ake ciki, da mai zuwa, duk ta cukurkuɗa su kamar zaren da kyanwa ta samu.

"Baiwar Allah, ɗauki kalmar go. In jiya ne fa?"

"Goed, Malam."

"Kai! Wannan kan naki, dutse aka ɗora miki a wuya?"

"A yi haƙuri, Malam. Kurɓi ruwan nan tukuna, sai mu sake."

Ya gaji. Ƙasusuwansa ciwo suke kamar ana sara. Amma shi a horon da ya samu, malami ba ya tashi ya bar ɗalibi a hanya. Ya sha gaya mata, "Ranar da kika ci, ranar zan tafi in huta. Ke kaɗai kika riƙe ni."

Ran nan ko ruwa ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Sufeton makarantu mai farar riga ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa, ya girgiza kai. Za a rufe ajin ke nan, ɗalibarsa ba ta ci ba.

"Sake gwadawa," in ji shi, da ƙyar. "Don Allah."

Ta daɗe tana kallon allin da ke hannunsa. Sannan ta share fuska da gefen mayafi, ta fara. Ta jero lokutan ɗaya bayan ɗaya ba gargada, har da waɗanda bai kai ga koya mata ba.

"Ashe da kai a wuyan!" Ya yi murmushi. "Je ki, kin ci."

"Na gode, Malam."

Ya ajiye allin, ya juya fuskarsa bango. Ƙusƙus ɗin yaran ya ɗauke.

Waɗanda suka rage a ɗakin su ne likitan mai farar riga, da ƙanin Malam wanda ya ja masa mayafi, da 'yarsa ta fari mai furfura a goshi, wadda ta shekara talatin tana koyar da nahawun Turanci a jami'a, wadda rabonsa da gane fuskarta tun rasuwar mahaifiyarta.